Denis Burkitt

Denis Parsons Burkitt (28 ga Fabrairu, 1911 – 23 ga Maris, 1993) likitan fiɗa ne ɗan Ailan wanda ya yi aiki na shekara 20 a ƙasar Yuganda. An fi saninsa da bayyana wani nau'in ciwon daji da ke kama yara a yankunan Afirka masu zafi da damshi, wanda yakan kumbura muƙamuƙi ko ciki, kuma a yau ake kiransa limfomar Burkitt. 'Yan guntayen tsoka da ya riƙa yankowa daga jikin yaran da ke fama da cutar su ne suka nuna cewa kumburin da ake ɗauka cututtuka ne daban-daban a gaskiya cuta ɗaya ce. A cikin irin wannan tsoka ne kuma aka gano ƙwayar bairas ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A ƙarshen rayuwarsa ya yi suna wajen jan hankalin jama'a kan amfanin cin abincin da ba a raba shi da dusarsa ba.

Haihuwa da karatu

An haifi Burkitt a garin Enniskillen da ke gundumar Fermanagh, a yankin da a yau ake kira Ailan ta Arewa. Mahaifinsa, James Parsons Burkitt, injiniya ne mai kula da hanyoyi da gine-ginen gundumar. A lokacin hutunsa yana nazarin tsuntsaye, kuma yana cikin mutanen farko da suka riƙa ɗaura wa tsuntsu zobe a ƙafa domin a gane kowane ɗaya, a zana taswirar iyakar wurin da yake zama. Masu rubuta tarihin Denis sukan danganta son da ya yi wa taswira da wannan aiki na mahaifinsa.

Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama a wani faɗan yara a makaranta. Ya yi karatu a makarantar Portora da ke Enniskillen, sannan a makarantar Dean Close da ke Cheltenham a Ingila. A shekarar 1929 ya shiga Kwalejin Trinity da ke Dublin da niyyar karanta injiniyanci kamar mahaifinsa, amma daga baya ya koma fannin likitanci. Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma ya ɗauki aikin likita a matsayin hidimar da aka kira shi ya yi. Ya kammala karatun likita a 1935, ya kuma samu shaidar ƙwarewa a aikin fiɗa daga Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Edinburgh a 1938.

Aikin soja da zuwa Yuganda

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga sashen likitoci na sojan Birtaniya a 1941, aka tura shi Kenya da Somaliya da tsibirin Silon, wato Sri Lanka ta yau. A wannan zama ne ya ziyarci Yuganda, ya yanke shawarar komawa can bayan yaƙi. Tun da farko ya nemi aiki a ƙasashen da Birtaniya ke mulka amma ba a ɗauke shi ba, kuma rashin ido ɗaya na cikin dalilan. A 1946 aka amince da shi, aka tura shi asibitin garin Lira a gundumar Lango, arewacin Yuganda.

A Lira ya lura cewa masu gwaiwa sun fi yawa ƙwarai a gabashin gundumar a kan yammacinta. Ya tattara alƙaluma, ya zana taswira, ya yi hasashen cewa tsutsar da sauro ke yaɗawa, wadda ke jawo tundurmi, ita ce sanadi. An buga wannan bincike a mujallar The Lancet a 1951. A 1948 aka mayar da shi asibitin Mulago da ke Kampala, asibitin koyarwa na makarantar likitanci ta Makerere.

Yaran asibitin Mulago

A shekarar 1957 likita Hugh Trowell, abokin aikinsa a Mulago, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Haƙoran yaron sun yi sako-sako, fuskarsa ta jirkice. Burkitt ya ɗauki hotonsa, ya rubuta bayani, ya ɗauka wani abu ne da ba safai ake gani ba. Bayan 'yan makonni, a asibitin garin Jinja, sai ya ga wani yaron da irin wannan kumburi a muƙamuƙai huɗu, ga kuma ƙari a cikinsa.

Wannan ya sa ya koma ɗakin ajiye takardun asibiti ya binciki fayilolin yaran da aka taɓa kawowa da kumburin muƙamuƙi. Ya tarar cewa da yawansu suna da ƙari a wasu sassan jiki kamar ƙoda da hanta da gidan ƙwai, kuma galibinsu sun mutu cikin 'yan watanni. Ya tattara bayanan yara 38 ya buga a mujallar British Journal of Surgery a 1958. Rahoton bai ja hankalin mutane da yawa ba a lokacin.

Ba shi ne farkon wanda ya ga irin wannan kumburi ba. Likitan mishan Albert Cook ya rubuta bayaninsa a Yuganda tun farkon ƙarni na 20. A Najeriya ma, E. C. Smith da B. G. T. Elmes sun buga nazarin ƙari 500 daga Legas a 1934, kuma a cikinsu akwai na muƙamuƙin yara. Abin da Burkitt ya ƙara shi ne tunanin cewa kumburin fuska da na ciki da na ido duk reshen cuta ɗaya ne. Tabbatar da wannan tunani kuwa sai da aka koma ga tsokar kanta.

Abin da tsokar gwaji ta nuna

Yankar ɗan guntun tsoka daga jikin mai rai domin a duba shi a madubin likita shi ake kira biyofsi. Likitan fata ɗan Faransa Ernest Besnier ne ya ƙirƙiro kalmar a 1879, daga kalmomin Girkanci guda biyu masu ma'anar rai da gani. Bayan an yanko guntun, akan tsoma shi cikin ruwan fomalin don kada ya ruɓe, a cire masa ruwa, a daskarar da shi cikin kaki. Daga nan sai a fere shi da wata na'ura mai kaifi zuwa sala-sala waɗanda kaurinsu bai kai na silin gashi ba, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina da rini iri biyu: ɗaya yana mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, ɗayan yana mai da sauran jikinta ruwan hoda. Likitan nazarin tsoka shi ke duba gilashin ya faɗi ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne, in kuma shi ne, wane iri ne.

Kafin aikin Burkitt, akan sanya wa ƙarin yaro suna gwargwadon inda ya fito. In a ido ne a ce ciwon dajin ido ne, in a ƙoda ne a ce na ƙoda, in a gidan ƙwai ne a ce na gidan ƙwai, in kuma a muƙamuƙi ne a ce na ƙashi. Shi kansa Burkitt a rahotonsa na 1958 ya kira shi sakoma, sunan da ake ba ciwon dajin ƙashi da nama. Sashen nazarin cututtuka na Makerere, ƙarƙashin Farfesa Jack Davies, yana da rajistar masu ciwon daji da kuma gilasan gwaji na shekaru da dama. Davies da wani likita ɗan Amurka, Gregory O'Conor, suka fito da waɗannan gilasai suka jera su suka sake dubawa. Suka tarar cewa ko daga ina aka yanko tsokar, ƙwayoyin halittar da ke ciki iri ɗaya ne, kuma daga jinsin ƙwayoyin garkuwar jiki suke, irin waɗanda ke cikin kaluluwa da saifa da ɓargo. Ciwon dajin irin waɗannan ƙwayoyi shi ake kira limfoma. Sun buga wannan sakamako a 1960, sannan Burkitt da O'Conor suka fitar da cikakken bayani a mujallar Cancer a 1961, wanda shi ne ya sa duniya ta san cutar.

A madubi, tsokar tana da kamanni na musamman. Ƙwayoyin cutar masu duhu suna cunkushe wuri guda, ga wasu manyan ƙwayoyi masu haske warwatse a tsakaninsu, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye matattun ƙwayoyi. Likitoci suna kwatanta wannan da taurari a sararin sama da daddare. Yawan matattun ƙwayoyin alama ce ta saurin girman ƙarin, domin yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma yana cikin mafi saurin girma a duk cututtukan daji na ɗan Adam. Wani likitan Makerere, Dennis Wright, ya nuna cewa in aka dangwala sabuwar tsokar a kan gilashi aka rina shi, ana iya gane ƙwayoyin nan da nan ba tare da jiran kwanakin daskarar da kaki ba. A wani taron masana da aka yi a Paris a 1963 aka amince a riƙa kiran cutar da sunan Burkitt, kuma a 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga ƙa'idojin gane ta a madubi.

Taswirar cutar

Da aka san cuta ɗaya ce, sai tambayar inda take ta taso. Da tallafin kuɗi da bai wuce fam 25 ba, Burkitt ya buga takardu masu ɗauke da hotunan yaran da 'yan tambayoyi, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka. Yana samun amsa yana soka allura a jikin taswirar da ya rataye a bango. Allurorin suka taru a wani ɗamara da ya ratsa tsakiyar nahiyar daga yamma zuwa gabas, da wata jela da ta gangara kudu ta bakin tekun gabas.

A watan Oktoba na 1961 ya kama hanya tare da likitoci biyu, Ted Williams na asibitin mishan na Kuluva da Cliff Nelson ɗan Kanada, a cikin wata tsohuwar mota ƙirar Ford. Cikin mako 10 suka yi tafiyar kusan mil 10,000, suka ziyarci asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka, suna nuna hotuna suna duba rajista. Sun gano cewa cutar ba ta hawa tudu. Kusa da tsakiyar duniya ba a cika samunta a wuraren da tsayinsu ya haura mita 1,500 ba, kuma yayin da ake yin kudu iyakar tana ƙara saukowa. Tsaunukan Ruwanda da Burundi, duk da cunkoson jama'arsu, kusan babu ita. Alexander Haddow na cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta Entebbe ya nuna cewa ainihin abin da ke iyakance ta sanyi ne: ba ta yawaita inda ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 15.

Bayan haka Burkitt ya zo Afirka ta Yamma, ya ziyarci Najeriya da Gana. A nan ya ga wani sharaɗi na biyu. Cutar tana da yawa a kudancin Najeriya mai ruwan sama, amma a yankin Kano, wanda ke da ɗimbin jama'a da doguwar rani, asibitoci ba su cika ganinta ba a wancan lokaci. Haka ma kewayen Akara, wanda ya fi sauran kudancin Gana bushewa. Daga nan ya kammala cewa cutar na bukatar zafi da damshi, kuma tana ƙaranci inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba. Wannan taswira ta yi kama da ta cututtukan da ƙwari ke yaɗawa, don haka aka fara zargin cewa wata ƙwayar bairas ce da sauro ke ɗauka.

Daga Kampala zuwa Landan

Ranar 22 ga Maris, 1961, Burkitt ya gabatar da lacca a asibitin Middlesex da ke Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ke bincike kan bairas ɗin da ke sa wa kaji ciwon daji. Bayan laccar suka yi yarjejeniya cewa Burkitt zai riƙa aiko masa da sabuwar tsokar gwaji daga Kampala ta jirgin sama.

Fiye da shekara biyu Epstein yana neman bairas a cikin waɗannan samfura bai samu ba. A watan Disamba na 1963 hazo ya hana wani jirgi sauka a Landan, aka karkatar da shi zuwa Manchester, samfurin ya iso a makare. Ruwan da aka saka tsokar a ciki ya yi gurɓi-gurɓi kamar ya lalace. Da Epstein ya duba a madubi sai ya ga ƙwayoyin ƙarin ne da ransu suka saki jikin tsokar suna yawo a cikin ruwan. Shi da ɗalibarsa Yvonne Barr suka yi nasarar rainon waɗannan ƙwayoyi a kwalba suna hayayyafa. A watan Fabrairu na 1964, tare da Bert Achong ɗan asalin Trinidad, aka ga bairas a cikinsu ta madubin lantarki. An buga labarin a The Lancet ranar 28 ga Maris, 1964, kuma daga baya aka sanya masa suna bairas ɗin Epstein-Barr.

A daidai wannan lokaci ana irin wannan aiki a Najeriya. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, Robert Pulvertaft ya raini ƙwayoyin da aka ɗebo a 1963 daga muƙamuƙin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11. Zuriyar waɗannan ƙwayoyi, da ake kira Raji, har yau ana amfani da ita a ɗakunan bincike na duniya. Rajistar ciwon daji ta Ibadan, wadda Farfesa George Edington ya kafa a 1960, ta nuna cewa wannan cuta ce ta fi kowane ciwon daji yawa a tsakanin yaran birnin a wancan zamani.

Hannun zazzaɓin cizon sauro

Binciken da Werner da Gertrude Henle suka yi a Philadelphia ya nuna cewa bairas ɗin Epstein-Barr yana ko'ina a duniya, yana yaɗuwa ta yawu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi ba tare da wata illa ba. Ke nan sauro ba shi ke yaɗa shi ba, kuma shi kaɗai bai isa ya bayyana taswirar Burkitt ba. Gilbert Dalldorf ya kawo shawarar cewa abu na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro, Burkitt kuma ya goyi bayan wannan ra'ayi a ƙarshen shekarun 1960. Hujjarsu ita ce cutar ta fi yawa inda zazzaɓin ke nan rani da damina, har da tsibirin Niyu Gini da ke nesa da Afirka, kuma ta yi ƙaranci a wurare irin su Zanzibar da Kinshasa inda aka yi yaƙi da sauro.

Fahimtar da ake da ita a yau ita ce yawan kamuwa da zazzaɓin yana tunzura ƙwayoyin garkuwar jiki su yi ta hayayyafa, yana kuma raunana ikon jiki na danne bairas ɗin. Cikin wannan hayayyafa sai a samu kuskure a kundin gado na ƙwayar. An gano wannan kuskure ne ta hanyar nazarin tsokar gwaji a shekarun 1970: wani yanki na kuromosom na 8 yana musayar wuri da wani yanki, galibi na kuromosom na 14. A 1982 aka gano cewa wannan musaya tana kunna wani ƙwayar gado mai suna MYC, wanda ke umartar ƙwaya ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Ɗakunan gwaji na zamani suna neman wannan alama a cikin tsoka domin tabbatar da cutar.

Magani

Fiɗa ba ta warkar da cutar, domin kafin a gan ta ta riga ta bazu, kuma a lokacin babu na'urar gashin ciwon daji a Yuganda. Daga 1960 Burkitt ya fara gwada magunguna, tare da haɗin kan Herbert Oettgen na cibiyar Sloan-Kettering ta New York da Peter Clifford da ke Nairobi. Ya roƙi kamfanonin magani suka ba shi methotrexate da cyclophosphamide da vincristine kyauta. Ƙarin da ya cika fuskar yaro yakan saɓe cikin 'yan kwanaki ko makonni, wasu yaran kuma sun warke sarai bayan allura ɗaya ko biyu. A Ibadan, likitan fiɗa ɗan Kamaru Victor Anomah Ngu ya samu irin wannan sakamako. Wannan ya sa cutar ta shiga jerin cututtukan daji na farko da aka warkar da magani kaɗai. A 1967 aka buɗe cibiyar kula da masu limfoma a Kampala da taimakon Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasar Amurka, wadda ta zama tushen Cibiyar Ciwon Daji ta Yuganda.

Saurin girman ƙarin shi ne kuma rauninsa, domin magungunan sun fi kama ƙwayoyin da ke cikin rabuwa. Amma magunguna ne masu ƙarfi da ke rage jini da garkuwar jiki, ba a ba da su bisa zato. Shi ya sa gwajin tsoka yake gaba da magani. Yayin jinya kuma akan ɗebi ɓargo da ruwan laka a duba ko cutar ta kai can, domin wannan ne ke nuna yawan maganin da za a bayar.

Cutar a ƙasar Hausa

Abin da Burkitt ya gani a Kano a farkon shekarun 1960 ya dogara ne kan yaran da aka kai asibiti a lokacin. Bayan an kafa sassan nazarin tsoka a manyan asibitocin Arewa, rahotannin da suka fito daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun sanya limfomar Burkitt cikin cututtukan daji da aka fi samu a jikin yara. Zazzaɓin cizon sauro a wannan yanki, daga Kano da Katsina har Jibiya da Maraɗi, yana tsananta ne da damina da farkon kaka.

Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun fi mata kamuwa. A farkonta tana kama da abubuwan da aka saba gani, kamar hangum ko ƙurjin haƙori ko kaluluwa. Tarin fuka ma yakan kumbura kaluluwar wuya, kuma maganinsa daban ne ƙwarai. Ido da hannu ba su isa su raba waɗannan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a soka siririyar allura cikin kumburin a zuƙo 'yan ƙwayoyi a shafa a gilashi, aikin da ba ya ɗaukar lokaci. In ana bukatar ƙarin tabbaci sai a yanko guntun tsoka bayan an yi allurar kashe zafi ko an sa yaro barci.

Matsalar ita ce likitocin nazarin tsoka kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Yaron da ke garin kan iyaka kamar Jibiya sai an kai shi birni, ko a aika da samfurinsa, a jira sakamako. Ga cutar da ke ninka kanta cikin kwana biyu, kowane mako na jinkiri yana rage damar warkewa. Kuɗin magani da nisan hanya kuma sukan sa iyaye su katse jinya a tsakiya. A ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa, amma a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin bai kusanci haka ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya limfomar Burkitt cikin cututtukan dajin yara guda 6 da ta ba fifiko, da burin a kai ga ceton aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu ciwon daji a duniya zuwa 2030.

Bincike kan abinci

A 1964 Burkitt ya ajiye aikin fiɗa ya koma ƙarƙashin Majalisar Binciken Likitanci ta Birtaniya, kuma a 1966 ya bar Yuganda ya koma Ingila. A can ya haɗu da Peter Cleave, tsohon likitan sojan ruwa, wanda ke ganin cewa tataccen sukari da farar fulawa su ne tushen cututtuka da dama na Turawa. Burkitt ya sake amfani da dabararsa ta aika wa asibitocin karkarar Afirka tambayoyi. Amsoshin suka nuna cewa ciwon dajin babban hanji da afendis da tsakuwar matsarmama ba su da yawa a can idan aka kwatanta da Turai.

Shi da Hugh Trowell da Neil Painter da Alec Walker suka danganta wannan da harzar abinci, wato ɓangaren hatsi da wake da ganye wanda hanji ba ya narkarwa, irin wanda ake samu a gero da dawa da ba a surfe su tas ba. Ya buga bayaninsa kan ciwon dajin hanji a 1971, sannan a 1979 ya fitar da littafi domin jama'a mai suna Don't Forget Fibre in Your Diet, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da duk abin da ya faɗa ba, amma ya goyi bayan cewa cin hatsi da dusarsa yana rage haɗarin ciwon dajin hanji da ciwon zuciya da ciwon sukari.

Iyali, lambobin yabo da mutuwa

Burkitt ya auri Olive Rogers, ma'aikaciyar jinya, a 1943, kuma sun haifi 'ya'ya mata uku. A 1972 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society. A wannan shekara kuma ya samu lambar yabo ta Lasker tare da wasu likitocin da suka yi fice a maganin ciwon daji, cikinsu har da Victor Ngu da John Ziegler. Ya samu lambar Gairdner ta Kanada a 1973, da lambar zinare ta Ƙungiyar Likitocin Birtaniya a 1978, da lambar Charles S. Mott a 1982, da lambar Bower a 1992.

Ya mutu sakamakon bugun jini a Gloucester ranar 23 ga Maris, 1993, yana da shekara 82. An binne shi a ƙauyen Bisley da ke gundumar Gloucestershire, inda ya zauna a ƙarshen rayuwarsa.